Gidan katako yana shan sanyi: wane ɗan kwangila za a ba aikin?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gyaran gida a nan Amurka. Gidan katako ne, ginin 1958, hawa ɗaya da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a yankin da ake dusar ƙanƙara. Injin ɗumama gida da hitar ruwa duk na gas ne. Kuɗin gas na hunturu ya yi yawa, ɗaki biyu ba sa ɗumama, ƙanƙara kuma tana daskarewa a bakin rufi. Kamfani uku sun zo. Na farko ya ce a canja tagogi duka. Na biyu ya ce a fesa kumfa a ƙarƙashin rufi. Na uku ya ce ba zai faɗi farashi ba sai ya yi gwajin awa uku, gwajin ma na kuɗi ne. Ta yaya ake gane na ƙwarai?

Injiniya Bashir: Wa alaikumussalam Hajiya. A cikin ukun nan, na ƙarshe ne kaɗai ya yi maganar wanda ya san aikin. Sauran biyun abin da suke sayarwa suka gaya miki, ba abin da ke damun gidan ba.

Gwajin da yake nufi shi ne na fankar ƙofa. Za a rufe tagogi da ƙofofin waje, a buɗe na ciki, a kafa babbar fanka a ƙofar shiga cikin wani firam mai zane, ta riƙa zuƙe iskar gidan tana fitarwa har bambancin matsin iska tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50. Kwatankwacin iskar da ke gudun mil 20 a awa kenan tana bugun gidan ta kowane gefe. Na'urar za ta nuna yawan iskar da ke kutsowa ta kafofi a minti ɗaya, lambar da ake kira CFM50. Idan aka ninka ta da 60 aka raba da girman cikin gidan, sai a san sau nawa iskar gidan ke sauyawa a awa. Misali gida mai faɗin ƙafa 1,500 murabba'i da silin mai tsayin ƙafa 8, cikinsa ƙafa kubik 12,000 ne. In na'ura ta nuna 2,400, amsar 12 kenan. Ƙa'idar sababbin gidaje a yankunan sanyi, inda aka ɗauki dokar makamashi ta 2012 ko wadda ta biyo bayanta, 3 ce. Tsohon gida ba lallai ya kai nan ba, amma kin ga tazarar.

Yayin da fankar ke aiki, mai gwajin zai zaga da ɗan hayaƙi da kyamarar gano zafi yana nuna miki inda iska ke shigowa. Ki bi shi ɗaki-ɗaki. Kyamarar tana buƙatar bambancin zafi na kusan digiri 10 na Salshiyas tsakanin ciki da waje, in ba haka ba hoton ba ya nuna abin kirki.

Aminu: Injiniya, ina da ja a nan. Wanda zai yi gwajin shi ne kuma zai karɓi kwangilar. Me zai hana ya gano matsalar da ta dace da aljihunsa? Ni a ganina a kira mai bincike mai zaman kansa wanda ba ya sayar da komai, ya rubuta rahoto, sannan a miƙa wa kamfanoni uku rahoton ɗaya su faɗi farashi a kansa.

Injiniya Bashir: Maganarka tana kan hanya, Aminu, kuma ita ce hanyar da ta fi tsabta in aikin babba ne. Amfaninta na biyu ma ya fi na farko: idan kowa ya yi ƙiyasi a kan jerin aiki iri ɗaya, ana iya kwatanta farashi. Yanzu Hajiya tana da takardu uku kan ayyuka uku daban, ba abin da za ta gwada da wani. Sai dai kamfanin da ke gwaji da aiki tare ba abin gudu ba ne, muddin zai yarda ya ba da rahoton a rubuce da lambobinsa, ya kuma yarda a sake gwaji bayan an gama a gaban mai gida. Na'urar ba ta san wanda ya biya ta ba.

Hajiya Rabi: Kafin a biya kuɗin bincike, Maman Hanifa, kira kamfanin da ke ba ku gas ko wuta. Da yawansu suna da shirin bincike kyauta ko a rahusa, suna kuma mayar da wani kaso na kuɗin aikin. Amma galibi sharaɗinsu shi ne ɗan kwangilar ya kasance cikin jerin waɗanda suka amince da su, kuma a nemi izini kafin a fara. Wanda ya gama aiki sannan ya je nema, sau da yawa ya makara. Akwai kuma shirin gwamnatin tarayya na taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi gyara gidajensu, wanda aka kafa a 1976, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Makamashi. Iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba suna iya shiga, kyauta ne, har masu haya in mai gida ya yarda. Ta hukumomin yanki ake nema, kuma akan yi jiran layi.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. To maganar tagogin fa? Gaskiya kusa da su ake jin sanyi sosai.

Injiniya Safiya: Yaya, ana jin sanyi a bakin taga domin gilashi shi ya fi komai sanyi a ɗakin, amma ba nan ne mafi yawan zafin ke tserewa ba. Iska mai ɗumi sama take yi. Tana fita ta kafofin silin, sai gidan ya zuƙo mai sanyi ta ƙasa ya maye gurbinta. Shi ya sa aikin gaske yake a can sama tsakanin silin da rufi, da kuma ƙasa inda katako ya zauna a kan harsashin gini.

Ƙanƙarar bakin rufin da kika ambata ita ce shaida. Ɗumin gida yana hawa ya narkar da dusar da ke kan rufi daga ƙasa, ruwan ya gangaro zuwa bakin rufi inda babu ɗumi, ya daskare ya zama shinge. Ruwan da ke biyo baya sai ya taru ya koma ta ƙarƙashin rufin ya sauko cikin bango. Ko tagogin zinariya aka sa, wannan ba zai daina ba. Da lambar R ake auna ƙarfin tare zafi, mai babbar lamba ya fi tarewa. Taga mai gilashi ɗaya ƙarfin tare zafinta kusan R-1 ne, mai gilashi biyu R-2 zuwa R-3, alhali saman silin a yankin sanyi ana son R-49 zuwa R-60. Canja tagogi shi ya fi tsada kuma shi ne na ƙarshe wajen kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In katakonsu bai ruɓe ba, a sa musu robar baki, a cike gefen firam da danƙo, a ƙara gilashin kariya ta waje.

Malam Usman: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne gas ɗin nan. Hajiya, ki leƙa saman hitar ruwan. In kika ga wata 'yar hula ta ƙarfe da rata tsakaninta da tankin, to irin wadda hayaƙinta ke hawa bututu da kansa ce, ba fanka. Irin wannan, da zarar an toshe kafofin gida, fankar banɗaki da ta kicin da injin busar da kaya suna iya rinjayar bututun, su jawo hayaƙin ya dawo cikin gida. A cikinsa akwai kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Ɗan kwangilar kirki yana gwada wannan kafin aiki da bayansa, wasu ma kullum kafin su tashi. Zai rufe gidan, ya kunna duk fankokin da ke fitar da iska da injin busar da kaya, ya kunna hitar, ya riƙe madubi ko hayaƙi a bakin hular nan. In bayan minti biyu hayaƙi yana ci gaba da fitowa ta nan, ta faɗi gwaji. Zai kuma sa na'ura a bututun ya auna gubar, ya bi bututun gas yana neman yoyo. Ki yi wa kowannensu wannan tambaya kai tsaye: yaya za ka gwada hitar ruwana bayan ka toshe gidan? Wanda ya ce babu buƙata, ki sallame shi da mutunci. Kuma tun yau a sa ƙararrawar gano gubar a kowane hawa da kusa da ɗakunan kwana.

Injiniya Bashir: Malam Usman ya taɓo wajen da ake neman takardar shaida saboda shi. Ki tambayi wanda zai yi binciken ko yana da shaidar BPI, cibiyar da ke tantance masu binciken makamashin gida, ki karɓi lambarsa ki duba a shafinsu. Shaidar ta mutum ce, don haka ki tambaya ko mai ita zai kasance a wurin ranar aiki, ba a ofis ba.

Hajiya Rabi: Ginin 1958 yana da abu biyu da dole a duba kafin kowa ya taɓa komai. Na farko fenti. An hana fentin dalma a gidaje a 1978, saboda haka duk kamfanin da zai huda bango ko cire taga a gidan da ya girmi wannan shekara sai yana da shaidar hukumar kare muhalli ta EPA ta aiki da dalma: shimfiɗa leda, killace wuri, share ƙura da injin da ya dace. Gidan da ke da ƙananan yara ba a wasa da wannan.

Na biyu, abin da ke kwance a saman silin. In wasu ƙananan ɓarɓashi ne masu ƙyalli kamar tsakuwa mara nauyi, ruwan toka ko ruwan ƙasa, to bamikulayit ne. Mafi yawan wanda aka sayar a Amurka daga ma'adinin Libby na jihar Montana ya fito, da sunan Zonolite, kuma yana gauraye da asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu. An rufe ma'adinin a 1990. Ba a share shi, ba a taka shi, ba a zuba sabo a kansa haka kawai, kuma mai gwaji nagari ba zai kunna fankar da ke zuƙo iska daga sama zuwa cikin gida ba in ya gan shi. Cire shi aikin kamfani mai lasisin asbestos ne. Wannan ma gwaji ne ga 'yan kwangilar: waye a cikinsu ya hau sama da fitila ya duba?

Maman Hanifa: Na ukun ne kawai ya ce zai hau ranar gwaji. Mai kumfa daga bakin murfin hawa saman silin ya leƙa.

Malam Idi: Bari in ce wani abu kan kumfar. A Ingila masu ba da bashin gida da dama sun ƙi karɓar gidajen da aka fesa wa kumfa a ƙarƙashin rufi, saboda ba a iya ganin halin da katakon ke ciki. Ni dai ina shakkarta.

Injiniya Safiya: Kumfar ba ta da laifi a inda ta dace, Malam. Tambayar ita ce ina za a ja iyakar gidan. In akwai injin ɗumama ko bututun iska a saman silin, ko ana son mayar da wurin ɗaki, to fesa ƙarƙashin rufi yana da hujja. A gidan Yaya injin yana ƙasa. In ba komai a sama, iyakar ta tsaya a kan silin: faɗinsa bai kai na rufi ba, kayan sun fi araha, kuma rufi yana nan a buɗe ana ganin yoyo in ya zo.

Inda kumfa ke da amfani sosai shi ne katakon da ya kewaye saman harsashi a ɗakin ƙasa. Inci biyu na kumfa mai tauri, wadda ke ba da kusan R-6 zuwa R-7 a kowane inci, tana tare iska da danshi lokaci ɗaya. Amma sinadari biyu ake haɗawa a bakin bindigar fesawa. In ma'aunin ya karkace ko wurin ya yi sanyi da yawa, ba ta bushewa daidai, sai ta janye daga katako ko ta yi ta wari, gyaranta kuma sai an kankare. In aka fesa da kauri a tashi ɗaya, zafin da take fitarwa yana iya ƙona ta daga ciki. Mutanen gida kuma sai sun fita, yawanci awa 24 ko abin da kamfanin da ya yi ta ya rubuta.

Aminu: To a ce an tsaya a kan silin. Me ya kamata a gani a takardar kwangila? Domin "toshe kafofi da ƙara insuleshan", wato kayan tare zafi, kowa zai iya rubutawa.

Injiniya Bashir: Wannan jimlar ita ce cinikin biri a sama. Ga abin da ya kamata a fayyace.

Toshewa ta riga zubawa. Audugar gilashi da selulos, wato niƙaƙƙiyar takarda da ake hurawa, suna rage tafiyar zafi, amma iska tana ratsa su. Saboda haka sai an yaye tsohon, an bi kan kowane bango inda katakon samansa ya haɗu da silin, an cike da kumfar gwangwani ko danƙo. Haka ramukan wayoyin wuta, da na bututun filamba, da babban ramin da akan bari a saman kabad ɗin kicin ko bahon wanka, wanda sai an rufe shi da allo mai tauri tukuna. In ka ga tsohuwar auduga ta yi baƙi a wani wuri, ƙurar iskar da ke wucewa ce ta tace, kafa tana ƙarƙashinta.

Gefen bututun hayaƙi ba a sa kumfa. Farantin ƙarfe ake yankawa a liƙe da danƙo mai jure wuta, a kuma yi masa shinge don kada insuleshan ya taɓa shi: inci 1 ga bututun gas mai bango biyu, inci 2 ga na bulo, inci 6 ga mai bango ɗaya. Fitilun da aka nutsa cikin silin, in ba masu alamar IC ba ne, wato waɗanda insuleshan zai iya taɓawa, ana ba su inci 3 ko a canja su. Murfin hawa sama a manna masa allon kumfa a bayansa, a sa roba a bakinsa da sakata mai matse shi. A bakin rufi kuma a sa maraba a kowane tsakanin katako, don kada abin da za a hura ya toshe ƙofofin da iskar waje ke shiga tana busar da rufin.

Sannan zubawa. A rubuta faɗin wuri, irin kayan, lambar R da za a kai, kaurinsa ranar aiki, kaurinsa bayan ya kwanta, da adadin buhuna. Dokar hukumar ciniki ta tarayya ta wajabta wa mai aikin ya ba da rasit mai ɗauke da waɗannan. Kowane buhu yana da jadawali a jikinsa da ke nuna buhu nawa ake buƙata ga ƙafa 1,000 murabba'i. Dalilin ƙirga buhu shi ne ana iya hura kayan da iska mai yawa ya kumbura ya kai tsayin da ake so da rabin nauyi, bayan wata shida ya zauna. A ce su bar buhunan da suka juye a ƙirga, a kuma kafa 'yan sandunan awo a sama, ɗaya a kowace ƙafa 300 murabba'i. Selulos yana ba da kusan R-3.5 a inci, don haka R-49 yana neman wajen inci 14 bayan ya kwanta.

In za a cika bango, huda ake yi a kowane tsakanin ginshiƙai a zura tiyo har ƙarshe, a danƙara selulos ya kai fam 3.5 a kowace ƙafa kubik ta cikin bango. Ƙasa da haka zai zame ya bar saman bangon fayau. A rubuta wanda zai toshe ramukan ya yi fenti.

Aminu: Wani zai ce in aka toshe haka gidan ba zai yi numfashi ba.

Injiniya Safiya: Mutanen ciki ne ke buƙatar iska mai kyau, kuma wadda ke biyowa ta ɗakin ƙasa da cikin bango ba ita ba ce. Ana toshewa, sannan a kawo iska ta hanyar da aka sani aka auna. Ma'aunin ASHRAE 62.2, ƙa'idar shigar da iska cikin gidajen zama, yana da lissafi: faɗin gida sau 0.03, a ƙara 7.5 sau adadin ɗakunan kwana da ɗaya a kai. Gidan misalin Injiniya Bashir, in ɗaki uku ne, 45 da 30, wato CFM 75, ƙafa kubik 75 na iska a minti, ana kuma rage wani abu gwargwadon kafofin da suka saura. Fankar banɗaki ta ja aƙalla CFM 50, ta kicin 100, kuma bututunsu ya fita waje, ba ya ƙare a saman silin ba. Wannan kuskuren yana da yawa, kuma bayan an ƙara insuleshan ya fi muni, domin rufin ya ƙara sanyi. Iskar ɗaki mai digiri 21 da danshi kashi 50 cikin 100 tana zama raɓa a kan duk abin da ya sauka zuwa kusan digiri 10. Katakon rufi a hunturu ya fi haka sanyi nesa, sai ya jiƙe, funfuna ta kama.

Shi ya sa ruwa ke gaba da komai. Rufi mai yoyo, indararo da ke zuba a gindin bango, ɗakin ƙasa mai laima, duk a gyara su tukuna. A yi gwajin radon ma, wata iska mai illa da ke tasowa daga ƙasa, kafin aiki da bayansa. EPA ta ce a ɗauki mataki in ta kai 4 a ma'aunin fikokuri.

Hajiya Rabi: Saura takardu da kuɗi. Lasisi a duba a shafin hukumar jiha, kada a tsaya ga lambar da ke jikin mota. Inshora iri biyu ce, ta ɓarnar dukiya da ta raunin ma'aikata, kuma takardar ta zo daga kamfanin inshorar kai tsaye. Ƙafar ma'aikaci ta zame daga katako ta faso silin abu ne da ke faruwa a wannan aiki. A tambaya ko yaransa ne za su yi ko zai miƙa wa wani. Izinin hukuma in ana buƙata shi zai nema da sunansa. Wanda ya ce mai gida ya nema, nauyin yake sauke miki.

Kafin alƙalami kada ya yi yawa. A Kalifoniya doka ta kayyade shi ga kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000, wanda ya fi ƙanƙanta, wasu jihohin da nasu. Kason ƙarshe a ɗaure shi da gwajin ƙarshe: lambar fankar ƙofa ta sauka zuwa abin da aka rubuta, hita ta ci gwaji, an auna jan fankoki, an ba da hotunan wuraren da aka toshe kafin a binne su. Ranar biya a karɓi takardar da ke nuna an sallami masu kaya da ƙananan 'yan kwangila, domin wanda ba a biya ba yana iya ɗora da'awa a kan gidan ko da ke kin biya. In kuma a falonki aka sa hannu da mai tallan da ya ƙwanƙwasa ƙofa, dokar tarayya ta ba ki kwana uku na aiki ki fasa.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage. Injin ɗumamar ya tsufa, mai tagogi ya ce suna canjawa su ma. A haɗa ne ko a jira?

Malam Usman: In ya ci gwajin guba kuma cikinsa bai tsage ba, a jira a gama toshewa da insuleshan, Hajiya. Buƙatar zafin gidan za ta ragu, injin da aka saya yau bisa girman tsohon zai yi wa gidan yawa gobe. Injin da ya fi ƙarfin gida yana kunnuwa ya mutu kafin ɗumi ya kai ɗakunan nesa, kayansa kuma su gaji da wuri. Mai sayarwa ya yi lissafin Manual J, wato lissafin yawan zafin da gidan ke buƙata, da sabuwar lambar fankar ƙofa da sabon R, ya ba ki a rubuce.

Ɗakuna biyun nan da ba sa ɗumama kuwa, a sa mai binciken ya bi bututunsu daga injin har bakin ɗaki. Sau da yawa wata mahaɗa ce ta rabu, ko maƙunshin da ke cikin bututun a rufe yake, ko ɗakin ba shi da hanyar da iska za ta koma in an rufe ƙofa. Mahaɗun a shafe su da mastik, wato danƙon liƙe bututu, mai kauri, da ragar zare a inda ratar ta yi faɗi. Salatif ɗin nan ruwan toka yana bushewa ya saki cikin 'yan shekaru.